DARASI NA 14: JIYA, YAU DA GOBE A TURANCI

Ran wata Talata, bayan sallar isha'i, muna cikin aji a Daurawa, sai wani dattijo magini ya ɗaga hannu. Ya zaro takarda daga aljihu, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, duba mini wannan. Na karanta da kaina, na ga daidai ta ke, amma ka ce kada mu sa hannu a takarda sai mun fahimci kowace kalma."

Na ce, "Baba, me ka gani a ciki?"

Ya ce ya ga sunansa. Ya ga naira 60,000, watau ragowar kuɗin katangar da ya gina wa wani mutum. Ya kuma ga kalmar collect, ya san ma'anarta karɓa, gama kullum yana jin ta a bakin yara. Ga suna, ga kuɗi, ga karɓa. Me ya rage?

Na ce, "Saura abu guda. Takardar nan cewa ta yi ka karɓa, ko kuwa za ka karɓa?"

Dattijo ya yi shiru, aji duka ya yi tsit. Can ya ce, "Ai ko sisi ban karɓa ba tukuna. An ce in sa hannu yau, in koma ran Asabar."

Ba zan gaya muku abin da takardar ta ce ba yanzu. Ku bi ni a hankali, kafin mu gama ku da kanku za ku karanta ta.

Kada wani ya ce, mu da muka zo koyon Hausa ina ruwanmu da Turanci? Da can haka ne. Sa'ad da aka soma yaƙi da jahilci a Arewa cikin shekarun 1950, Hausar boko aka koyar da ɗan lissafi. Wanda ya iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ko Sodangi, jaridar Lardin Kano, ya kuma iya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa, to, ya ci nasara. Zamanin nan Tarauni da Gyadi-Gyadi suna bayan gari, gonaki kewaye da su. Yanzu birni ya haɗiye su. Turanci shi ne harshen aikin gwamnati a Nijeriya. In ka je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, likita ya yi maka magana da Hausa, amma katinka da Turanci ne. In ka sayi waya a kasuwar Farm Centre, rasit da Turanci. Ku da ke ƙauye ma bai bar ku ba, yana nan cikin aljihunku. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mai sayar da gero da mai sayar da akuya duk sun koyi jiran saƙon banki a waya, saƙon kuwa ba ya jin Hausa.

INDA HAUSA KE SA LOKACI

Mu fara da namu, domin wanda bai san gidansu ba ba ya gane gidan wani. Ku faɗi waɗannan da ƙarfi:

na gyara
zan gyara
na kan gyara
ina gyarawa

Kalmar gyara ita ce kalmar aiki. Malaman Hausa suna ce mata aikatau. Waɗanda suka yi karatun zaure daga cikinku, suka biya Ajurumiyya, sun san ta da sunan fi'ili, sun kuma san ana juya fi'ili. To, abin da za mu yi ke nan yau, juya fi'ilin Turanci.

Ku lura, a Hausa kalmar aiki tana zaune abinta. Abin da ke gabanta shi ke sakewa: na, zan, na kan, ina. Bahaushe da ya ji farkon magana ya san ko jiya ce ko gobe. A wuri guda kaɗai gyara ta yi wutsiya, ta zama gyarawa. Ku riƙe wannan wa ɗin, za ta yi mana amfani.

Turanci wuri biyu ya ke sa lokaci. Wani sa'i a gaban kalma, kamar mu. Wani sa'i a bayanta. Sau da yawa kuwa gaba da baya gaba ɗaya. Mai sayen rago a kara ba ya duba haƙora kawai ya biya, sai ya kai hannu ya taɓa gindin wutsiya. Haka za ku riƙa yi wa kalmar aiki ta Turanci. Abin da ya sa dattijon ajinmu ya tsaya cak, tsakiyar ragon kaɗai ya duba.

Ga albishir. Yawancin kalmomin aiki na Turanci masu bin ƙa'ida ne, kowace kuwa riga huɗu gare ta, ba ƙari:

collect
collects
collected
collecting

Ana faɗinsu kolekt, kolekts, kolektid, kolektin. In ka san rigunan collect, ka san na work, yin aiki, da open, buɗewa, da finish, gamawa, da dubban 'yan'uwansu. Akwai masu taurin kai wajen ɗari biyu da ba su bin ƙa'ida, irin su go da take da buy. Waɗannan sai wani darasi. Amma duk sabuwar kalmar aiki da ta shigo Turanci ƙa'ida ta ke bi. Shi ya sa recharge, sa kati a waya, ta ke zama recharged, ba gardama.

ABIN DA AKA SABA DA ABIN DA A KE CIKI

I collect : na kan karɓa
you collect : ka kan karɓa, ki kan karɓa, ku kan karɓa
he collects : ya kan karɓa
she collects : ta kan karɓa
we collect : mu kan karɓa
they collect : su kan karɓa

A nan Hausa ta fi Turanci arziki. Mu muna da kai da ke da ku, shi kuwa you ɗaya tak ya ke da ita, ko sarki ko yaro, ko mace ko taro.

Kuskure biyu na ke gani a wannan wuri kowace shekara. Na farko, mutane suna zaton I collect ita ce ina karɓa. A'a. Abin da aka saba yi ne, yau da gobe. Mai adashi ta ce I collect money every Friday, watau na kan karɓi kuɗi kowace Juma'a. Na biyu shi ne harafin s. Kun koya a darasin baya cewa s a bayan suna yawa ta ke nufi: book littafi, books littattafai. A bayan kalmar aiki kuwa akasin haka ne, mutum ɗaya ta ke nunawa, shi ko ita. Taro ba su da s. Kada ku tambaye ni hikimar wannan, haka masu harshen suka gada, sai haddacewa.

Abin da a ke cikin yi yanzu kuwa, ga shi:

I am collecting : ina karɓa
he is collecting : yana karɓa
they are collecting : suna karɓa

Kun tuna da wa ta gyarawa? Ita ce ing. I am opening, ina buɗewa. She is cooking, tana dafawa. Kamar yadda ba ka cewa "ni dafawa" ka yi shiru, haka ba a cewa I cooking. Tilas am ko is ko are ta shiga gaba ta yi jagora. I ke tafiya da am, mutum ɗaya da is, you da we da they da are.

WUTSIYAR JIYA

Yanzu mun zo wurin da na ke so ku buɗe ido da kunne.

I collected : na karɓa
he collected : ya karɓa
we collected : mun karɓa
they collected : sun karɓa

Babu mai sauƙi kamar wannan a rubuce. Haruffa biyu ne, e da d, kuma kowa da kowa iri ɗaya, ba a ware he da she. Wahalarta a kunne ta ke, dalilin kuwa daga harshenmu ne. Hausa ba ta son baƙaƙe su yi cunkoso a ƙarshen kalma. In mun aro kalma sai mu sa mata wasali ta sake. Bread ta zama burodi, bucket ta zama bokiti, bank ta zama banki. In kuwa ba mu sa wasali ba sai mu haɗiye baƙin ƙarshe. Saboda haka Bahaushe ya kan ji work da worked kamar abu ɗaya, ya kan kuma faɗe su kamar abu ɗaya. Alhali ta farko na kan yi aiki ce, ta biyu na yi aiki na gama.

Wutsiyar nan murya uku gare ta, ko da ya ke rubutunta ɗaya ne.

In kalma ta ƙare da amon t ko d, sai a ji ta sosai, id: collected, kolektid. Wanted, wontid, ya so. Needed, nidid, ya bukata. Wannan ba ta ɓuya, kowa na jin ta.

Sauran biyun su ne masu ɓuya. Ku sa yatsa a maƙogwaro, ku ja amon sss. Ba motsi. Ku ja amon zzz. Kun ji yana rawa? To, in amon ƙarshen kalma ba ya kaɗa maƙogwaro, irin su k, p, s, sh, f, wutsiyar t ce: worked, wakt. Stopped, stopt. Washed, wosht. In kuwa yana kaɗawa, d ce: called, kold. Opened, opund. Kada ku ce wakid ko stopid. Ta biyun nan ma ku kiyaye ta ƙwarai, gama ta yi kusa da wata kalma ta zagi, kuma ba na so a ce ɗan ajina ya zagi direba a tashar Unguwa Uku da sunan yana cewa mota ta tsaya.

In bakinka bai saba ba tukuna, ba laifi, sannu ba ta hana zuwa. Mai sauraro ya gane ka daga sauran magana, tun ba in ka sa yesterday, jiya, ko last week, makon jiya. Amma ido ba shi da wannan uzuri. A takarda ed tana nan baƙa ƙirin, in ka tsallake ta kai ka so.

Wajen rubutu akwai 'yan dokoki uku. In kalma ta riga ta ƙare da e, d kaɗai za ka ƙara: receive, received. In gajera ce mai wasali ɗaya da baƙi ɗaya a ƙarshe, ka ninka baƙin: stop, stopped, plan, planned. In ta ƙare da y, kuma baƙi ne gaban y ɗin, sai y ta koma i: carry, carried. In wasali ne gabanta a bar ta: play, played.

GOBE

I will collect : zan karɓa
she will collect : za ta karɓa
they will collect : za su karɓa

A nan Turanci ya yi halin Hausa. Will ita ce za. Tana gaba, kalmar aiki kuwa ba wutsiya. Ba a cewa will collected, kamar yadda ba a ɗaura wa jariri rawani. Abin da bai faru ba ba shi da ed. A takardun yarjejeniya, na haya ko na sayen fili, za ku ga shall a madadin will. Ita ma gaba ta ke nufi, sai dai da nauyin tilas a kanta: the tenant shall repair the door, lalle ɗan haya ne zai gyara ƙofa. In kun ji I am going to collect, ita ma zan karɓa ce, ba sai mutum ya tashi ya tafi ko'ina ba.

Wani ɗan aji da ya daɗe yana dako a Sabon Gari ya ce mini shi ya riga ya iya duk wannan: I don collect, I dey collect, I go collect. Na ce gaskiyarka, wannan Buroka ce, harshe ne mai ƙa'idarsa, ya kuma fi kusa da Hausa, domin shi ma gaba ya ke sa lokaci: don na riga, dey ina, go zan. A kasuwa ya biya maka bukata. Amma banki da kotu ba su rubutu da shi, wanda kuwa ya saba da shi ya kan manta da duba wutsiya.

NA RIGA NA KARƁA

Saura babba. Ku dubi waɗannan biyu:

I collected the money on Monday.
I have collected the money.

In za mu juya su da Hausa, duka biyu na karɓi kuɗin ne. Amma ta farko labari ce, tana gaya maka ranar da abin ya faru, ran Litinin. Ta biyu shaida ce. Ba ta damu da rana ba, cewa ta ke yi a halin da mu ke ciki yanzu abin ya riga ya auku, kuɗi sun zo hannu, ba sauran bashi. Mafi kusa da ita a Hausa ita ce na riga na karɓa. Don haka ba a haɗa ta da yesterday ko on Monday. In ka ambaci rana, ka koma ta farko.

Gininta: have a gaba, ed a baya. He da she su kan ɗauki has, s ɗin nan dai tasu ba ta barinsu.

I have finished : na riga na gama
she has finished : ta riga ta gama
we have finished : mun riga mun gama

Abin da ya sa na dage a kanta, ita ce muryar rasit. Duk takardar da a ke so mutum ya amsa cewa an ba shi hakkinsa, da wannan lokaci a kan rubuta ta, ko da ed kaɗai, kamar Received a saman rasit.

Kuma ku yi hattara da gajartawa. Masu rubutu a waya ba su son wahala. I have su kan mai da ita I've, I will kuma I'll. Ku dube su kusa da juna:

I've collected.
I'll collect.

Haruffa biyu a gaba, haruffa biyu a baya, su ne tsakanin wanda aka biya da wanda ke bin bashi.

To, ga abin da ke cikin takardar dattijo. Na rubuta a allo kamar yadda na gan shi, na cire suna:

I have collected the sum of N60,000, the balance of my money.

Sum jimla ce, balance ragowa. Ku duba gaba, ku duba baya. Me kuka gani?

Wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai, wadda ba ta cika magana a aji ba, ita ta fara cewa, "Malam, ga have, ga kuma wutsiya. Ai an ce ya riga ya karɓa." Dattijo ya dafe kai ya yi salati.

Ban ce mai katanga ya yi nufin cuta ba, ban kuwa bar 'yan aji su ce haka ba. Takardar nan rasit ce, an rubuta ta daidai. Ran Asabar, bayan an ƙirga kuɗi, gaskiya ce tsantsa. Ran Talata kuwa ƙarya ce, kuma hannun dattijo ne zai shaide ta. Tsakanin Talata da Asabar kwana huɗu ne. Mutum na iya tafiya, yana iya mantuwa, yana iya mutuwa magada su zo su buɗe akwati su ga takarda. In magana ta kai gaban alƙali, ko a kotun majistare ta Gyadi-Gyadi ko a wata, wuyar aiki tana kan wanda ya sa hannu ya ce bai karɓa ba. Dattijo ya ninke takardarsa ya mayar aljihu ba sa hannu. Ran Asabar ya ƙirga kuɗinsa, sa'an nan ya rubuta sunansa, da alƙalami, ba dangwale ba.

SAURAN LOKUTA

Littattafan nahawun Turanci su kan lissafa lokuta 12. Kada wannan ya tsorata ku, rigunan nan huɗu ne dai a ke ta sauya musu 'yan jagora. Biyu sun isa a ambata.

I was collecting, ina cikin karɓa a lokacin nan da ya wuce. Mu mu kan ce, jiya ina wanki sai ruwa ya sauko. Kalmar jiya ta isar mana, ina ba ta sake ba. Turanci ba ya yarda, sai am da is sun koma was, are ta koma were: I was washing, they were washing.

I had collected, na riga na karɓa kafin wani abu ya faru. I had closed the shop before he arrived, na riga na rufe kanti kafin ya iso. Irin su I will have collected kuwa, sai ku shekara ba ku gamu da su ba. Mu bar su.

BAN KARƁA BA

Ƙin abu da tambaya suna da wata dabara da ke ka da 'yan makaranta har na sakandare.

I did not collect : ban karɓa ba
Did you collect? : ka karɓa?

Ina ed ta tafi? Did ta ɗauke ta. Da did ta shigo, ita ke riƙe da jiya, kalmar aiki sai ta koma yadda ta ke tun asali. Kaya ɗaya ba a ɗora shi kan jakuna biyu. Saboda haka I did not collected kuskure ne. Masana tarihin harshe da yawa suna ganin asalin wutsiyar ed ma daga tsohuwar kalmar da ta haifi did ta fito, ta manne a bayan kalmar aiki tun zamani mai nisa. In haka ne, kayanta ta zo ta karɓa.

Haka do da does ke yi wa s: he collects, amma he does not collect. Have kuwa ba ta ɗauke kome:

I have not collected : ban karɓa ba tukuna
Have you finished the medicine? : ka shanye maganin?
I will not collect : ba zan karɓa ba

Not su ma su kan gajarta ta: didn't, haven't. Will not ta kan zama won't. Kada ku ruɗa ta da want, so. I want ina so, I won't ba zan yi ba. Sun yi kama a kunne, sun yi hannun riga a ma'ana.

SAƘON BANKI

Abu na ƙarshe, shi ne kuma wanda za ku fi gamuwa da shi. Hausa tana da an da za a, in ba a son ambaton wanda ya yi aiki: an biya, za a biya. Turanci ya kan yi wannan da been ko be, sa'an nan ed.

Your account has been credited : an sa kuɗi a asusunka
Your account has been debited : an cire kuɗi daga asusunka
Your account will be credited : za a sa kuɗi a asusunka

Ku lura da ta ukun. Ga ed a baya, amma ga will be a gaba. A irin wannan gini ed ba jiya ta ke nufi ba, nuna wa ta ke yi wani ne zai yi maka aikin. Na gaba shi ke faɗin lokaci. Has been, an yi. Will be, tukuna. Ɗan kasuwar da ya ga credited ya saki buhun masara, bai duba will be ba, ya ba da bashi bai sani ba. Ko has been ɗin ma, ku duba ragowar kuɗin asusunku ku ga ta ƙaru, domin akwai masu aiko da saƙon ƙarya mai kama da na banki.

A 'yar takardar da na'urar POS ke fitarwa, kalma ɗaya za ku nema. Approved, an yarda, kuɗi sun fita. Declined, an ƙi. A waya kuma za ku ga failed, bai yiwu ba, ko reversed, an mayar da kuɗin inda suka fito. Duka masu wutsiyar ed ne, aikin ya ƙare ta wannan fuska ko waccan. In kuwa kun ga processing ko pending, ga ing nan, wa ɗinmu ta gyarawa: ana cikin yi, ba a gama ba. Ka ba mai saye kujera ya zauna.

AIKI

1. Ku rubuta riguna huɗu na waɗannan kalmomi a littafinku: work, call, stop, carry, receive.

2. Ku karanta waɗannan da ƙarfi, yatsa a maƙogwaro, ku raba su gida uku, masu t, masu d, masu id: asked, cleaned, counted, helped, borrowed, planted.

3. Ku juya da Hausa:
She has returned the bucket.
She will return the bucket.
She did not return the bucket.
The shop will be opened on Monday.

4. Ku juya da Turanci: Na kan buɗe kanti kowace safiya. Muna dafa shinkafa. Ban gama ba tukuna.

5. A ce kai ne maginin nan, ran Talata ce, ba a biya ka ba. Sake rubuta takardar yadda za ka iya sa mata hannu.

6. Kowa ya zo aji na gaba da takarda ɗaya ta Turanci daga gidansa, ko rasit, ko katin asibiti, ko saƙon waya da ya kwafe a littafi. Ku rufe lambar asusu da yatsa ko ku ƙi kwafe ta. Kafin ku zo, ku ja layi ɗaya ƙarƙashin kowace ed da ing, layi biyu ƙarƙashin kowace will, have, has da did.